Tafiya a jirgin sama da goyo da ɗan shekara uku: abin da ya kamata uwa ta riƙe a hannu

Wata 'yar'uwa daga Kubwa ta rubuto cewa a watan Janairu za ta bi maigidanta Jidda inda yake aiki, ita kaɗai da 'ya'ya biyu, jaririya 'yar wata 10 da yayanta ɗan shekara 3. Jirginsu zai tashi daga Abuja da rana, su yada zango na kusan awa 4 a Addis Ababa da dare, sannan su ƙarasa. Ba ta taɓa shiga jirgi da yaro ba, ga shi kuma ta ga ana tallar kayan tafiyar yara iri-iri a intanet. Tana son sanin wanne ne ya cancanci kuɗinta, me za ta riƙe a hannu, kuma ko ya dace ta ba yaran maganin barci kamar yadda wata maƙwabciyarta ta ba ta shawara.

'Yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara a nan Abuja, kuma na yi irin wannan tafiya da nawa 'ya'yan tun suna goye, saboda haka zan gaya miki abin da aiki ya koya mini da wanda wahala ta koya mini, ba tare da na ware su ba.

Kuskuren da kusan kowace uwa take yi a tafiyarta ta farko shi ne ta dubi tikiti, ta ga awa nawa jirgi zai yi a sama, ta haɗa jaka daidai da wannan. Lissafin ba daga nan yake farawa ba, daga ƙofar gidanki yake farawa, kuma ba ya ƙarewa sai kin shiga ɗakin da za ki sauka. Daga Kubwa zuwa filin jirgi na Nnamdi Azikiwe ki ware awa guda, a filin kuma ana son mai fita ƙasar waje ya isa awa 3 kafin tashi. Abuja zuwa Addis Ababa kusan awa 5 ne, zangonku awa 4, daga can zuwa Jidda kamar awa biyu da rabi, sannan ga layin shige da fice da jiran akwatuna, wanda da yara zai iya cin awa 2. Kin ga an tasam ma awa 18 ke nan, idan komai ya tafi daidai. A watan Janairu kuwa ba a cika samun komai ya tafi daidai ba, domin lokacin hazo ne, kuma hazo yana hana jirage sauka da tashi a kan lokaci. Wata shekara da hunturu zan je Legas da ɗana yana wata 7, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, na zuba ƙunzugu uku a jaka ina ganin har na yi ƙari. Aka yi ta ɗaga lokacin tashi tun safe har bayan la'asar, akwatin da sauran kayan suke ciki kuwa tuni ya shige inda ba zan iya kaiwa gare shi ba. Wata baiwar Allah da ban sani ba ce ta rufa mini asiri daga jakarta. Tun daga ranar nake haɗa jakar hannu kamar za a kwana a filin jirgi, kuma duk abin da yaro ba zai iya yini da kwana babu shi ba, ba na yarda ya shiga babban akwati.

Takardu su ne farko, domin su kaɗai ne ba a samun aro. Kowane yaro da nasa fasfo da bizarsa, har jaririyar. Ki haɗa da takardar haihuwarsu ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewa daga mahaifinsu tare da kwafin fasfonsa, tunda jami'an shige da fice suna da ikon tambayar uwar da za ta fita da yara ita kaɗai. Katin rigakafin shawara, mai launin ruwan ɗorawa, ki karɓa wa kowa nasa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. A tsarin rigakafin Najeriya ana yi wa yaro allurar shawara da ta ƙyanda yana wata 9, saboda haka mai yiwuwa 'yarki ta riga ta samu. Idan ba ta samu ba ki gaggauta, domin shaidar ba ta fara aiki sai allurar ta kwana 10. Idan kuna da niyyar Umra, ki tambayi batun rigakafin sanƙarau da na shan inna a wuri guda. Duk waɗannan su shiga wata 'yar ƙaramar jaka da za ki rataya a wuya a ƙarƙashin hijabi, ki kuma ɗauki hotonsu a waya.

Sai batun ɗaukar yaran, wanda a nan ne masu talla suka fi cin kasuwa. A ganina babu abin da aka ƙera da ya kai zanen goyo da majanyi amfani a filin jirgi. Ba su da nauyi, ba a auna su, 'yarki ta saba da su, kuma zanen nan shi ne abin shimfiɗa, shi ne bargo, shi ne labulen shayarwa. Ki riƙe biyu, domin ɗaya zai iya ɓaci. Abin da za ki sani kawai shi ne, a wurin bincike za a iya cewa ki sauke ta, kuma lokacin tashi da sauka ba a barin jariri a ɗaure a jikin uwa da zane ko da jakar goyo ta zamani. A cinya ake riƙe shi, yawancin kamfanoni kuma sukan ba da ɗan ƙaramin bel da ake zurawa a cikin na uwa.

Keken tura yaro fa? Mutane za su ce na jaririya ne, ni kuwa ina ganin na yayanta ne. Ki tuna za ku sauka Addis Ababa da dare, lokacin da ɗan shekara 3 ya gaji, ya yi rigima, ya ɓingire da barci. Goyo a baya, jaka a hannu, ba ki da inda za ki sa shi, tazarar da ke tsakanin ƙofofin shiga jirgi kuma ba kaɗan ba ce. Keke mara nauyi, wanda ake naɗewa da hannu ɗaya kamar lema, shi ne abu guda da zan ce ki kashe kuɗi a kai, ko ki ara idan akwai mai shi a dangi. Yawancin kamfanoni suna ɗaukarsa kyauta, suna kuma barin a tura shi har bakin jirgi. Amma a wurin auna kaya a Abuja ki faɗa musu ƙarara cewa kina son a miƙo miki shi a bakin jirgi a wurin zango, domin idan aka liƙa masa takardar Jidda kai tsaye, ba za ki sake ganinsa ba sai kun isa, wato ya tsallake daidai wurin da kike bukatarsa. Manyan kekunan nan masu kama da gado ki bar su a gida.

Jaka kuma guda ɗaya nake so ki riƙe, ba uku ba. Galibi kilo 7 ake yarje wa fasinja ya shiga da shi, kuma da yake yaronki yana da kujerarsa, shi ma yana da nasa rabon, amma rabo a takarda daban, hannun da zai ɗauka daban. Tunda bayanki na goyo ne, jakar baya ba za ta yi ba sai dai ki rataya ta ta gaba, ko ki ɗora ta a ƙarƙashin keken. Ki zaɓi wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabanki, mai zif da za ki iya buɗewa da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun ba naki ba ne har ku sauka. A ciki ki rarraba kaya a ledoji masu haske, na canji daban, na ci daban, na magani daban, yadda ba sai kin zazzage komai a kan cinya ba kafin ki sami cokali.

Wannan ya kawo ni ga zaɓen kujera. A manyan jirage akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon da ke gaban layin farko, kuma ba a samunsa sai an nema tun kafin ranar tafiya. Yana da iyakar nauyi, a kamfanoni da yawa wajen kilo 10 zuwa 11, kuma duk lokacin da aka kunna alamar ɗaura bel sai an ciro jaririn. Ga ɗan wata 3 ko 4 ni'ima ce. Ga 'yar wata 10 da ta iya zama, tana kama abu ta miƙe, amfaninsa ya ragu, ga shi kuma layin yana da nasa cikas: ba a barin jaka a ƙasa lokacin tashi da sauka, sai an ɗora ta a ma'ajiyar sama, hannun kujerun kuma galibi ba ya ɗaguwa, don haka yaronki ba zai iya miƙewa ya ɗora kai a jikinki ba. Da ni ce, ɗaya daga cikin sauran layukan zan zaɓa, yaro a jikin taga inda ba zai zame ya bi hanya ba, ni kusa da shi, ba nesa da banɗaki ba. Layin ƙofar gaggawa dai ba a ba mai yara. Ki tabbatar tun yanzu an haɗa kujerunku wuri guda, kada ki bari sai a bakin kanta.

Gaskiyar da ya kamata ki ji ita ce, wurin da ya fi aminci ga jariri idan jirgi ya shiga gargada shi ne kujerarsa ta kansa, a cikin kujerar mota ta yara wadda aka amince a yi amfani da ita a jirgi. Sai dai wannan yana nufin sayen cikakkiyar kujera, alhali ɗan ƙasa da shekara 2 da za a riƙe a cinya kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa a tafiyar ƙasar waje, sannan ga ɗawainiyar jan kujerar a filaye uku ke kaɗai. Mafi yawan iyaye a cinya suke riƙewa, kuma ba zan ga laifinki ba. Abin da zan roƙe ki shi ne, muddin kuna zaune, bel ɗinki da na yaran su kasance a ɗaure ko da alamar a kashe take, domin gargada ba ta yin sallama.

Ƙunzugu ki lissafa ɗaya ga kowace awa biyu zuwa uku, wato kamar 8 ga tafiyar, ki ƙara 4 saboda jinkiri da ɓacin ciki. Shi ma yayan, ko da ya daina, ki sa masa irin wanda ake sawa kamar wando, ki riƙe biyu ko uku, domin yaro ba ya tashi jin fitsari sai an ce kowa ya zauna jirgi zai sauka. Ki lallashe shi tun a gida cewa wandon jirgi ne, kada ya ga an mai da shi jariri. Banɗakin jirgi ɗan tsukut ne, teburin canji kuma a saman masai ake sauke shi, don haka kada ki shiga da babbar jaka. Ki haɗa 'yar leda mai ƙunzugu ɗaya, tishu mai laima, abin shimfiɗa da ba ya shan ruwa, da baƙar leda ta ƙulle wanda ya ɓaci, ki jefa a kwandon shara, ba a masai ba. Buta babu ita a can, kuma ba a son ruwa ya malala a ƙasa, saboda haka wata 'yar robar ruwa da ba komai a ciki za ta yi miki aikin tsarki idan kin cika ta a famfon wanke hannu. Kafin a kira shiga jirgi ki canza wa jaririyar, ki kai yayan banɗaki ko ya ce ba ya ji.

Tufafi kala biyu ga kowane yaro bayan wanda ke jikinsa, masu sauƙin cirewa, ba masu tarin maɓallai ba. Kayan kwalliyar da za a tarbi Baba da su ki ajiye su a ƙasan jaka, ki sa musu bayan kun sauka. Abin da iyaye mata suke mantawa shi ne nasu canjin: tumbuɗi da amai a jikin uwa suke sauka, kuma zama awa 10 da rigar da ta sha madara ba daɗi. Doguwar riga mara nauyi da hijabi guda sun isa. Cikin jirgi akwai sanyi, Addis Ababa kuma gari ne a kan tudu, sama da mita 2,300 daga teku, darensa a watan Janairu sai ya tuna miki Jos da hunturu. Rigar sanyi, safa da hula ga kowannensu dole ne, ko da kun baro Abuja ana rana. Iskar cikin jirgi kuma busasshiya ce ƙwarai, laimarta ba ta cika wuce kashi 20 cikin 100 ba, don haka ɗan man kaɗe ko basilin a ƙaramin gwangwani zai yi amfani ga leɓe da kumatu.

Game da abinci, dokar da aka sani ita ce ba a wucewa wurin bincike da ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100. Amma abincin jarirai da madararsu da maganinsu an ɗauke musu wannan, gwargwadon abin da tafiyar take bukata. Ki fito da su daban ki nuna, kuma ki sa rai za a sake binciken a wurin zango. Idan har yanzu kina shayarwa, kin huta da rabin wahalar, kuma ina roƙonki kada ki fara yaye a makonnin da ke gab da tafiya. Ke ma ki yawaita shan ruwa. Idan madarar gwangwani take sha, ki auna garin tun a gida a ƙananan mazubai, kowanne na sha ɗaya, ki riƙe fida uku ko huɗu wankakku, domin ba inda za ki wanke su yadda ya kamata a hanya. Kada ki dama da ruwan famfon banɗakin jirgi. Tafasasshen ruwa a filas daga gida shi ne ya fi, wadda aka dama kuma idan ta yi awa 2 ba a sha ba a zubar. Kunu a filas zai yi muku a filin jirgin Abuja da farkon tafiya, amma ba zai kai dare da lafiyarsa ba, daga nan sai garin abincin jarirai da ake damawa nan take. Fura da nono ki haƙura da su ranar.

Shi kuma yayan, kada ki dogara da abincin jirgi, domin yana zuwa a lokacin da suka tsara, ba lokacin da yaro ya ji yunwa ba, kuma zai iya kallonsa ya kau da kai. Ana iya neman abincin yara, amma sai an sanar da kamfani kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Burodi, biskit mara yawan zaƙi, ayaba, soyayyen dankali, dabino da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka, duk abin da ya saba ci ne. Gyaɗa, aya, gugguru da alewa mai tauri kada su shiga jakar. A sashenmu mun sha karɓar yaran da ƙwayar gyaɗa ta sarƙe ta faɗa musu hanyar numfashi, kuma sararin sama ba wurin da za a so haka ta faru ba ne. Kofi mai murfi wanda ba ya zuba shi ma abu ne mai arha da ya cancanci saye. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Yanzu ga kunne, wanda shi ne dalilin mafi yawan kukan da ake ji a jirgi. Ko da jirgi ya lula sama, ana daidaita iskar cikinsa ta zama kamar ta tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Jos, don ki kwatanta, tana wajen mita 1,200. A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, wanda wata siririyar kafa ta haɗa shi da bayan hanci. Idan jirgi yana hawa, iskar ɗakin tana kumbura ta fita da sauƙi. Idan yana saukowa kuwa, sai iska ta shiga daga waje, kafar kuma takan manne, sai dodon kunne ya tsotsu ciki, zafin ke nan. Kafar yara ta fi ta manya ƙanƙanta, mura kuma tana ƙara toshe ta. Haɗiya ce take buɗe ta, shi ya sa maganin bai wuce nono, fida, ko kurɓar ruwa ba. Inda ake kuskure shi ne lokaci. Uwa takan sa jariri a nono da zarar an rufe ƙofa, jirgi ya yi ta rarrafe a ƙasa minti 20, kafin ya tashi yaro ya ƙoshi ya saki. Ki jira sai ya fara gudu a kan titinsa. Saukowa kuma, wadda ta fi tsanani, tana farawa kusan rabin awa kafin a taɓa ƙasa, don haka ki ɗan ja mata rai da abinci kafin lokacin, ki fara ba ta da zarar matuƙi ya sanar ko kin ji naki kunnen ya fara toshewa. Mai barci ba ya yawan haɗiya, saboda haka ki tashe su a hankali, musamman idan akwai mura. Yayan ki ba shi ruwa da tsinken zuƙa, ki sa shi wasan hamma. Cusa auduga a kunne ba ya hana komai. Idan da mura, ɗigon ruwan gishiri na hanci kafin tashi da kafin sauka yana taimakawa; idan kuwa akwai zazzaɓi da ciwon kunne a kwanakin da ke gab da tafiya, likita ya duba kunnen kafin ku hau.

Maganin barci kuwa, amsata ita ce a'a, kuma ba na sassautawa a kai. Abin da ake ba yara da wannan niyya galibi magungunan mura da ƙaiƙayi ne masu sa gyangyaɗi, irin su Piriton da Phenergan. Shi Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi har a rasa rai, ga shi kuma iskar da ake shaƙa a jirgi dama ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Ban da haka, a wasu yaran maganin yakan juye, maimakon barci sai su birkice da kuka da fizge-fizge, kuma ba ki da hanyar cire shi daga jikinsu sai ya sake su da kansa. Maganin tari mai kodin ma kada ya kusanci jakarki. Gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun 2018, Saudiyya kuma tana da tsanani a kan irinsa. Abin da ke sa yaro barci a jirgi shi ne gajiya da ƙoshi da ɗumin abin da ya saba da shi. Ki bar yayan ya yi ta zirga-zirga a ɗakin jira a gaban idonki, ki ɗauko masa zanen da yake kwana da shi.

Ledar magani ba ta bukatar yawa: farasitamol na ruwa da sirinjin awonsa, ma'aunin zafin jiki, ƙunshi biyu ko uku na garin gishiri da sukari na gudawa, man shafawa na kurjin ƙunzugu, da duk maganin da likita ya ɗora yaro a kai, a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Farasitamol da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo, wato yarinya mai kilo 8 za ta sha mililita 5 na wanda aka rubuta wa miligiram 120 a mililita 5, ba fiye da sau 4 a awa 24 ba. Ki auna nauyinsu kafin tafiya, ki rubuta adadin kowanne a jikin kwalin, domin uwar da ta yi awa 15 ba barci ba a ba ta lissafi. Asfirin ba na yara ba ne. Mai asma abin shaƙarsa ya kasance a aljihun da ya fi kusa. Idan kuma ɗaya daga cikinsu yana da sikila, to wannan magana ce ta daban da ba a tafiya sai an yi ta da likitansa, saboda ƙarancin iskar oksijin, sanyi da bushewar jiki, ukun da jirgi ya tara, su ne dai masu tayar da ciwon. Irin wannan yaro ana duba jininsa kafin tafiya, a lulluɓe shi sosai, a yi ta ba shi ruwa ko bai nema ba, maganin ciwonsa kuma yana hannu. Bayan kun isa, duk wanda ya yi zazzaɓi a cikinku ki gaya wa likitan can cewa daga Najeriya kuke, don a gwada zazzaɓin cizon sauro.

Abin ɗebe wa yayan kewa ba sai mai tsada ba. 'Yan ƙananan abubuwa uku ko huɗu da bai taɓa gani ba, ki ɓoye su, ki riƙa fito da ɗaya bayan ɗaya idan rigima ta taso: littafin zane da fensir mai launi, takardun liƙawa, 'yar mota. Mai ƙara, mai ƙananan gutsattsari da ƙwallo mai gangarawa za su wahalar da ke da maƙwabtanki, bindigar wasa kuma za a karɓe ta a wurin bincike. Ki sauke masa abin kallo da karatun da yake so a waya tun a gida, tunda babu tabbacin intanet a hanya, ki nemo abin sauraro na yara mai rufe kunne, ki gwada masa shi kafin ranar. Fawa-bank a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, ba a babban akwati ba, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta, wasu kamfanonin ma sun hana caji da shi a cikin jirgi, don haka ki cika wayarki kafin ku hau. Ki sa masa riga mai launi mai ɗaukar ido, ki ɗauke shi hoto da ita kafin ku fita, ki sa takarda a aljihunsa mai sunansa, lambarki, lambar mahaifinsa da lambar jirginku.

Matashin da ake hurawa a cike gurbin ƙafa don yaro ya kwanta, kamfanoni da dama ba sa yarda da shi. Na'urar ɗumama fida, akwatin da yaro ke hawa kamar doki, matashin wuya na jarirai, duk kaya ne da za su ƙare a hannunki. Kuɗinsu ki ƙara ƙunzugu da shi.

Abu biyu na cikin jirgi da nake so su zauna miki. Idan abin shaƙar iska ya sauko daga sama, ki fara sa naki kafin na yara, ko da zuciyarki ta ƙi. A can sama mutum ba ya kai minti ɗaya cikin hayyacinsa idan iska ta ƙwace, kuma idan kin suma babu mai sa musu. Sannan kada ki karɓi shayi ko wani abu mai zafi alhali jaririya tana cinyarki, domin hannunta ya fi naki sauri, ƙunar ruwan zafi kuma na ga abin da take yi wa fatar jariri. Idan kina son shiga banɗaki ko cin abinci, ki roƙi ma'aikaciyar jirgi ko wata uwa da ke kusa ta riƙe miki ita; a hanyar Jidda ba za ki rasa hajiyar da za ta karɓe ta da murna ba. Tun a wurin auna kaya ki faɗa cewa ke kaɗai ce da yara biyu, domin galibi ana fara shigar da masu ƙananan yara.

Maigidan kuma ki ba shi nasa aikin tun yanzu: ya tanadi ƙunzugu da irin madarar da 'yarki take sha a gida, ya zo da ruwa da ɗan abin ci a mota tunda tsakar dare ko gab da asuba za ku fito, ya kuma samo kujerar mota ta yara ga kowannensu kafin ranar da zai tarbe ku.